Injin da Ke Tambayar Dalili

Litinin, bayan an tashi

Yau aka fitar da Tsohuwa. Ƙarti suka tallabo ta daga ofis, wayarta na jan ƙasa, suka jingine ta bayan sito. Na'urar fotokofi ce kawai, na sani, kuma duk makarantar nan ba wanda ya kai ni zaginta idan ta tauna takarda. Amma na tsaya a ƙofar ɗakin malamai ina kallo har aka kaɗa ƙararrawa ban ji ba.

A gurbinta an girke sabon inji, baƙi, sumul ko'ina, ba maɓalli ko ɗaya sai gilashin da ake shafawa. Shugaba ya tara mu ya ce hedkwata ta yi kuka, makarantunta na cin takarda da tawada fiye da kima. Sai ya bar wa mutumin da aka turo magana, wani Mai Kwamfuta mai takalmi da tsini. Ya ce daga yau kowane malami da katinsa da kasonsa na wata. Duk abin da aka aika, injin da kansa zai matse shafi biyu a fuska ɗaya, ya buga gaba da baya, da tawada sama-sama. Wanda ke son wani abu daban, injin zai buɗe masa ɗan akwati ya tambaye shi dalili. Malamin Lissafi ya ce ashe alƙali aka kawo mana ba inji ba. Aka kwashe da dariya, sunan kuma ya zauna.

Ni ban yi dariya ba. Hankalina yana kan maɓalli na uku daga hagu a jikin Tsohuwa, wanda yatsana ya haddace. Shi ke ƙara girman rubutu. Kullum nakan riga kowa zuwa, in buga darasina da rajistata da baƙaƙe manya-manya, in zuba a jaka kafin wani ya shigo. Da haka nake koyarwa tun da baƙon nan ya sauka a tsakiyar idona. Gefe-gefe ina gani, ina tafiyata, ina gane allo da ƙofa. Abin da na kalla kai tsaye ne yake shafewa, kamar an dangwala masa yatsa mai maiƙo. Daga ni sai Baban Auta sai likita muka sani.

Na ga abin da hedkwata ta yi wa Malamin Tarihi da kunnensa ya yi nauyi. Su ba sa kora, a'a. Cewa suka yi ya je ya huta kafin likitocinsu su duba shi, yana can yana hutawa a kan benci a ƙofar gidansa har yau. 'Yan ajina kuwa tun suna sababbin shiga nake riƙe da su, bana za su rubuta jarrabawar fita. Ba na neman komai sai in raka su har ƙofa. Daga nan mai son hutar da ni ya zo ya hutar.

Talata, hutun tara

An manna sunayen malamai a allon sanarwa, daga wanda ya fi kowa cin takarda a zangon da ya wuce zuwa ƙasa. Na tsaya a gaban takardar ina gyaɗa kai irin na mai karatu. Dariyar da ake yi a bayana ce ta gaya mini lambata.

Malamin Lissafi ya ce, "Malama Babba, ke kaɗai kin cinye daji guda. Ko littafi kike wallafawa a ɓoye ba mu sani ba?"

Na ce, "Kai da ba ka ba yara komai sai ciwon kai, ina ka san takarda?"

Aka yi masa ihu. Na ci wannan, amma shayin da na zuba ya huce a gabana ban sha ba.

Laraba, da yamma

Na gwada Alƙali. Na ɗora katin ya yi ƙara, gilashin ya haska, sai na tsaya ina shafa shi ban san inda nake shafawa ba. Sakatariya ta taso daga teburinta. Yarinya ce mai sanyin hali, sa'ar Autata, Mama take ce mini. Ita aka tura horo kan injin, duk ta ɗauki abin da zafi.

"Mama, kawo in nuna miki. Nan za ki taɓa, sai nan."

Na ce, "Ku ne 'yan zamani. Taɓa mini kawai, ina sauri."

Takarda ɗaya ta fito maimakon tulin da na saba. Na kai ta aji na riƙe a hannu don kada hannun ya zauna haka nan. Darasin daga kaina na yi shi, na tsallake misalai biyu da suka ɓace mini.

Wannan ma da nake rubutawa a bayan takardun da Tsohuwa ta ɓata nake yi, da alƙalamin maka mai kauri. Shekaru ina kwasarsu daga kwando. Alƙali ba ya barin baya fari, saboda haka abin da ke cikin akwatina shi ke nan.

Alhamis, da safe

Ban riga kowa zuwa ba. Ba abin da zan je in yi.

Asabar, da hantsi

Baban Auta ya samo mafita, yana ta hura hanci. Ya kai darussana wani shagon buga takardu can nesa da unguwarmu, inda ba a san mu ba, ya ce na tsohuwarsa ne. Na ce wato ni ce tsohuwar. Ya ce to da yarinya ce? An bugo su manya, baƙi wuluk, na rungume su a ƙirji kamar wata sakara.

Sai muka zauna gyaran insha'i. Shi mai gyaran firji ne da fanka, karatunsa a hankali yake tafiya kamar mai tura baro a yashi, amma shi ne idona a gida. Yana karantawa da ƙarfi, ina cewa ja layi nan, zagaye can. Dokata a aji ta taimaka: baƙin biro, manyan baƙaƙe, a tsallake layi. Malama Tsallake-Layi yaran ke kirana a bayan ido, suna zaton ban sani ba. Da gilashin ƙara girma ina iya bin rubutunsu kalma-kalma, sai dai kafin in gama littafi uku kaina ya fara sarawa.

Ya karanto wani wuri, na ce yaron ya yi kuskure. Ya ce a'a, shi ne ya karanta ba daidai ba. Na ce to a ba yaron makinsa, a cire naka. Muka yi dariya har na manta na ɗan lokaci.

Litinin, bayan an tashi

Ashe murnar ta kwana biyu ce.

An fitar da tsarin jarrabawar gwaji. A da mu ke tsara tambayoyi, mu buga a kan Tsohuwa. Yanzu hedkwata ce za ta aiko da su kai tsaye cikin Alƙali a safiyar ranar, Sakatariya ta buga, ta rufe a ambulan, a ɓare a gaban yara. Har da shifta. Malamin aji shi ke karanta wa ajinsa shifta, sau uku, da ƙarfi, daga takardar da bai taɓa gani ba. Ba shiga da waya. Ba fita da takarda.

Ba abin da zan haddace. Ba abin da Baban Auta zai kai shago. Laraba ta sama ce.

Talata, hutun tara

A taron safe Shugaba ya ce muryarsa ta dishe, ya miƙo mini takardar hedkwata kan tattalin takarda in karanta wa makaranta, wai muryata ta fi kaiwa baya. Na karɓa. Toka-toka kawai nake gani, layi-layi kamar sawun tururuwa. Yara sun yi tsit.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na bar tabarau a gida."

Wani daga cikin malamai ya ce, "Ga shi nan a wuyanki, Malama."

Yana nan kuwa, rataye a igiyarsa. Ƙananan azuzuwa suka tuntsire. Na ce wannan na ganin masu surutu ne, na karatu daban yake, kuma na ga mai surutu ɗaya yanzu. Aka ƙara dariya, Malamin Lissafi ya karɓi takardar ya karanta. Na sha da ƙyar. Da muka juya na ga Sakatariya a gefen idona, tsaye a bakin ofis. Ita kaɗai ba ta motsa ba.

Ajina ma ban ji dariyarsu ba. Tsorona suke ji, shi ke nan.

Laraba, da yamma

Saura mako.

Alhamis, bayan azahar

Mai Kwamfuta ya leƙo duba injinsa. Na bari Sakatariya ta fita kai saƙo, na matsa kusa da shi kamar mai son ilimi. Na ce wai wannan akwatin dalili, wa ke karanta abin da aka rubuta a ciki?

Ya ji daɗin tambayar. Ya ce, "Hajjaju, ai nan ne daɗin tsarin. Kowace Juma'a da yamma injin da kansa yake tattara komai ya aika hedkwata. Wa ya buga, me ya buga, me ya ce dalilinsa. Ba hannun mutum a ciki. Ko Shugaba bai isa ya goge ba, ni kaina ban isa ba."

Na ce madalla, Allah ya ƙara basira.

Da ya tafi na ɗora katina. Na san wuraren taɓawa yanzu, na ƙirga su da yatsa daga gefen gilashin. Akwatin ya buɗe, fari, yana jira. Na yi tunanin ƙarya iri-iri. In ce don manna wa a bango, to kullum? In ce akwai yaro mai ciwon ido, sai su ce wane yaro, a kawo shi. Kuma ko na yi ƙaryar, takardar jarrabawa ba da katina za a buga ta ba. Na tsaya har injin ya gaji da ni ya kashe fuskarsa.

Juma'a, bayan an tashi

Na je wa Shugaba da dabara. Na ce me zai hana bana a yi musaya, kowa ya karanta wa ajin wani, don gudun zargin son kai. Ya ce shawara ce mai kyau, zai rubuta wa hedkwata, wataƙila baɗi. Ba mugu ba ne. Ƙanena ne a shekaru, yana girmama ni, amma ko kujera ba ya matsarwa sai ya tambayi sama.

Ya ce, "Malama Babba, lafiya dai ko? Kwanan nan kin yi sanyi."

Na ce lafiya lau. Bakina ya buɗe zai ƙara wani abu, sai na tuna bencin Malamin Tarihi, na ce a gaida gida.

Asabar, da azahar

Asibiti. Likita ya haska, ya rubuta, ya canza maganin ɗigawa. Na tambaye shi ko akwai tabarau, ko na kwana ɗaya ne, ko na awa ɗaya. Ya ajiye biro ya ce, "Malama, mun yi maganar nan." Mun yi kuwa. Baƙon ba mai tafiya ba ne, roƙonsa kawai ake yi kada ya ƙara shimfiɗa.

A mota Baban Auta ya yi ta ba ni labarin wani firji. Ban san yadda ya ƙare ba.

Lahadi, da yamma

Mun yi faɗa.

Ya ce, "Ki kwanta ranar Laraba. Ki ce zazzaɓi. Wa zai zo ya taɓa goshinki?"

Na ce in na kwanta Malamin Lissafi za a tura, mutumin da ke haɗiye rabin kalma ya tofar da rabi. Yaran nan kunnensu da muryata ya saba. Sun san inda nake numfasawa, sun san yadda nake jan wasali. Kuma da sakamakon gwajin nan ake tace waɗanda za a yi wa rajistar jarrabawar fita. In jefa su a rami don in tsira?

Ya ce, "To ki shiga ki tsaya kina kallon takarda, su faɗa ramin tare da ke. Wanne ya fi?"

Na ce ya koma wa firjinsa. Ya ɗauki hularsa ya fita. Da ya dawo ya ajiye mini sabon gilashin ƙara girma a kan tebur. Na gwada da takardar Alƙali. Kalma ɗaya, in matsa, kalma ɗaya, in ɓata layi, in koma. Ba a karanta shifta haka. Na yi kuka, ya yi kamar yana neman wani abu a ƙarƙashin gado.

Litinin, hutun tara

Bita muka yi. Ina son ajin nan, Allah ya sani. Ban ga fuskokinsu sosai ba tun suna aji biyu, amma na san kowa da mazauninsa, in na nuna kusurwa na kira suna ba na kuskure. Sauran malamai kullum suna ƙorafin yara na canza wuri, nawa kuwa ko sau ɗaya. Akwai 'yan mata biyu a layin taga da suka yi wata guda ba sa ga maciji, amma suna nan a benci ɗaya, kowa ta juya wa 'yar'uwarta ƙeya. Na ce wa Malamin Lissafi wannan shi ake kira tarbiyya, ya zo ya koya.

Talata, bayan la'asar

Na goge kayan da zan sa. Ban san abin da zan yi ba. Zan je dai.

Laraba, da yamma

Bari in rubuta a hankali.

Na shiga aji, yara sun zauna, mai sa ido daga wata makaranta yana tsaye a baya. Sakatariya ta shigo da ambulan a ƙirji. Ta wuce teburin ta sa mini ita a hannu, ta ɗan matsa yatsuna, ta fita da sauri. Na ji ambulan ɗin da nauyi. Na ɗaga ta sama yara su ga a rufe take, na ɓare, ina karanta duk addu'ar da na sani.

Manya ne. Manya-manya, baƙi wuluk, layi kaɗan a kowane shafi, fuska ɗaya, bayan fari tas. Har sun fi na Tsohuwa.

Na tsaya ina kallon baƙaƙen har mai sa ido ya yi gyaran murya. Sai na karanta. Labarin wani manomi ne da rijiyarsa, ba wani abin kirki ba, amma ban taɓa karanta abu da daɗi haka ba. Sau uku, ban yi tuntuɓe ko a waƙafi ba. Ina jin birukansu na tafiya tare, su tsaya tare. Da na ce a ajiye biro, wani ya sauke ajiyar zuciya da ƙarfi, ajin ya yi dariya, ni ma na yi.

Na dawo gida na ce wa Baban Auta ya ga abin da ake kira malama. Ya ce ya gani, tsohuwarsa ta ci gari. Na yi farin ciki yau. Na rubuta don kada in manta na yi.

Alhamis, bayan an tashi

Na je yi wa Sakatariya godiya. Na rufe ƙofar ofis na ce, "'Yata, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar tabarau, Mama. Da ma ina zargi, don nakan tarar da Tsohuwa a kan ƙara girma kowace safiya. Ban gaya wa kowa ba, wallahi."

Na sa mata albarka har ta rufe fuska. Na kai hannu ƙofa, sai abin ya faɗo mini. Na ce, "Da Alƙali ya tambaye ki dalili fa?"

"Ai gaskiya na rubuta. A horo sun ce duk wanda ya rubuta gaskiya, in buƙata ce ta haƙiƙa, har ƙara masa kaso ake yi. Na ce Malamar aji uku ba ta ganin ƙananan rubutu, a taimaka a buɗe mata manya kullum. Kin ga kin huta da wahala, Mama."

Murna ce a muryarta. Ba ta zo makarantar nan ba sai bayan tafiyar Malamin Tarihi, ba wanda ya taɓa ba ta labarinsa. Na nemi kujera na zauna. Ta yi ta tambaya, Mama lafiya, Mama na yi laifi ne? Na ce ba ki yi ba. Ba ta yi ba kuwa.

Juma'a, da safe

Na kira Mai Kwamfuta a waya, na ajiye girman kai na roƙe shi. Ya ce, "Hajjaju, na gaya miki, ko ni ban isa ba." Sakatariya ta ce za ta zare wayar injin daga bango. Ya ce ko ta zare, abin yana can sama tun ranar, lokacinsa kawai yake jira.

Juma'a, da yamma

Saƙon Alƙali ya tafi hedkwata yanzu, ina jin. Ba ƙara, ba komai. Ina zaune ina tsince shinkafa da hannu.

Lahadi, da hantsi

Baban Auta ya ce mutanen nan takardu sun yi musu yawa, wa zai zauna karanta dalilin kowa? Na ce haka ne. Auta ta kira daga makarantarsu, na ce mata komai lafiya.

Litinin, bayan an tashi

Shiru.

Talata, bayan an tashi

Shiru. Na koyar da rubutun wasiƙa. Duk takun da na ji a baranda sai na tsaya a tsakiyar jimla.

Laraba, da azahar

Shugaba ya aiko a kira ni. Ya taso da kansa ya jawo mini kujera, daga nan na gane. Akwai takarda a gabansa, bai miƙo mini ba, ya karanta da bakinsa, wannan kam na gode masa. Hedkwata ta yaba da shekarun da na yi. Hedkwata ta damu da lafiyata. In je in huta daga ƙarshen makon nan kafin likitocinta su sa rana. Za a turo wanda zai riƙe ajin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zango ɗaya ya rage musu. Ɗaya. A bar ni in kai su, ko ba albashi."

Ya ce, "Yaya, wallahi na kira su har sau biyu." Bai taɓa ce mini Yaya ba. "Na ce musu sakamakon ajinki ya fi na kowa. Suka ce ba maganar sakamako ba ce, abin ya riga ya shiga rubuce. Da a baki ne..."

Bai ƙarasa ba. Na ce da a baki ne me? Ya yi ta juya biro a kan tebur. Na tashi, na laluba hannun ƙofa a inda ba ya nan, na sake lalubawa.

Alhamis, da yamma

A taron safe an sanar cewa makarantarmu ce ta ɗaya wajen rage cin takarda a wannan watan. An tafa. Malamin Lissafi bai yi mini tsiya ba, ya kawo mini shayi har teburina, abin da ya fi tsiyar ciwo.

Sakatariya ta zo gida da idanu a kumbure, ta durƙusa a tsakar gida ta ƙi tashi. Wai za ta ajiye aikin. Na daka mata tsawa, na ce in ta ajiye wa zai ciyar da ƙannenta, Alƙali? Na ce ba don ke ba da na tsaya a gaban yaran nan kamar gunki, su faɗi, ni ma in faɗi. Ke kika ba ni Larabar nan. Na faɗa don ta tashi, amma da na faɗa sai na ji gaskiya ce. Duk da haka da ta tafi na ji haushinta, na ji haushin kaina da jin haushin.

Juma'a, bayan an tashi

Darasin ƙarshe. Na yi niyyar ba zan yi wani dogon bayani ba. Na ce musu an ba ni hutu, wani malami zai zo ranar Litinin, su ba shi haɗin kai. Na ce daga yau na sake su daga dokata, kowa ya yi rubutu yadda ya ga dama, ba sai an tsallake layi ba, littattafanku ma sa huta. Na yi zaton za su yi ihun murna. Ba wanda ya motsa.

Sai ɗaya daga 'yan matan layin taga ta ce, "Malama, wurin zama fa? Shi ma mun tashi?"

Na ce wane wurin zama? Ni ban taɓa kafa dokar wurin zama ba.

Ta ce, "Mu muka kafa. Tun a aji biyu, ranar da kika kira mai gefen ƙofa da sunan wanda ya canza wuri da shi. Muka ce kowa ya zauna inda kika san shi, kada ki ƙara jin kunya."

Wani daga baya ya ce duk wanda ya tashi sai ya share aji mako guda. Wata ta ce shi ya sa ta haƙura da wannan mai baƙin halin, 'yar'uwar faɗan nata ta ce ke ce dai mai baƙin hali. Aka ɗan yi dariya, dariyar ta mutu.

Na juya ga allo kamar zan rubuta wani abu. Na daɗe a haka da alli a hannu. Ashe duk asubancin nan, da ɓoye takardu a jaka, da ƙaryar tabarau, yara na zaune suna rufa mini asiri, ni kuma ina yawo ina cewa tarbiyyata ce. Shugaba ma, da maganarsa ta a baki. Kowa ya sani ya yi shiru, aka zauna lafiya, sai da aka kawo abin da ba a iya yi wa shiru.

Na juyo na kira rajista ba takarda, daga layin taga har ƙofa, ina nuna kowa. Kowa ya amsa daga inda na san shi.

Litinin, da sassafe

Na tashi na yi wanka na sa kaya kafin in tuna. Baban Auta ya gan ni da jaka, ya je ya ɗora ruwan shayi.

Takardun Tsohuwa sun ƙare, wannan ce ta ƙarshe a akwatin. Saura na shifta, Shugaba ya bar mini su, bayansu fari tas. Na ɗauko ɗaya na juya, na mayar.

Yanzu ake kiran rajista. Ban sani ba ko sun tashi daga wurarensu.